Daminar da Aka Huɗe Mana Filin Gudu

Wata Litinin ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da nake aji shida a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Gazara. Na yi sammako don in zaga filin gudu na makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, sai na tarar da shanun huɗa biyu a tsakiyarsa, garma tana tsaga ƙasa, hedimasta na tsaye a gefe yana nuna wa mai shanun inda zai juya. Filin nan mu muka gyara shi da rani. Mu muka tsince duwatsu, muka kankare tsidau da fartanya, muka ja layuka da toka. Da na yi ƙarfin halin tambaya, ko kallona bai yi ba ya ce, "Gonar makaranta ce, wuce aji." Kowa a garin ya san rumbun da masarar za ta shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai, mu ɗin dai ake korawa duk Alhamis mu yi mata noma, muna sunkuye a daidai inda muke tashi gudu.

Mu biyu aka zaɓa mu wakilci makaranta a gasar da za a yi a Makarfi bayan ɗaukewar ruwa: ni da Sabi'u, ɗan maƙwabtanmu, wanda ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. To amma damina a wajenmu ba ta barin fili. Duk inda ka sa ƙafa gonar wani ce, ko masara ko rake, fadama ta cika, hanya kuwa ta koma jar laka mai santsi. Malam Iliya, malaminmu na wasanni, bai iya ja da hedimasta ba. Ya dai kira mu bayan aji ya ce, "Kada ku bar ƙafafunku su kwanta. Wanda ya zauna har kaka, numfashinsa zai gudu ya bar shi."

Sai na mai da gidanmu fili. In ruwa ya tsuge, na kwance igiyar guga na shiga zaure ina tsalle har gumi ya jiƙe mini riga, kaji suna watsewa. Da daɓen zauren ya fara fashewa Baba ya zabga mini mari, ya ce ba don aljanu ya gina shi ba. Inna ce ta tufka mini wata igiyar da ramar da ta ajiye, ta ce in koma ƙarƙashin rumfar awaki. Abincin gona da gudu nake kai shi, ina bin kunya-kunya, kwano a ka. Ɗiban ruwa, ɗaukar taki, yankan ciyawa, duk na daina gudunsu, don na ga suna ƙara mini ƙarfin cinya.

Sabi'u shi bai yarda da tsalle a wuri ɗaya ba. Cewa yake gudu sai da hanya. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya ja ni muka bi hanyar rafi. Yana gabana kamar kullum, sai na ga ƙafarsa ta zame ta faɗa ramin da ruwa ya ci, na ji ƙas. A bayana na goyo shi har gida yana ihu. Maɗori ya ɗaure ƙafar da karare, amma a karkace ta warke. Hedimasta bai taka gidansu ba ko sau ɗaya. A taron safe ma cewa ya yi yaran yanzu ba sa jin magana.

Ni kaɗai na je Makarfi. Na zo na biyu a dogon zango, kuma har yau na san da Sabi'u yana nan da na uku zan zo, in yi murna. Ina haki sai ga hedimasta cikin babbar riga yana gaya wa manyan baƙi, "Yarona ne, ni na horar da shi." Ya miƙo mini hannu. Na kalli hannun, na mai da nawa baya. Ranar da aka koma makaranta ya sa aka kwantar da ni a gaban kowa ya yi mini bulala, ban yi kuka ba. Da Baba ya ji dalili, da yamma ya sayo mini tsire.

Yanzu a Ikara nake zaune, akwai kwalta, ina da takalmin gudu, ruwa ba ya hana ni fita. Sabi'u yana sayar da rake a kasuwar Kudan, yana jan ƙafa tsakanin kwastomomi, in na je shi ke ba ni haƙuri, yana cewa haka Allah Ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, amma na san mutum ne ya jawo. Hedimastan ya daɗe da rasuwa, ina yi masa addu'a da baki, zuciyar ce ta ƙi bi. Ba kyautar gasa nake kewa ba. So nake in sake ganin bayan Sabi'u yana yi mini nisa.