Gilashin da Ke Bangon Ɗakin Baya

A shekarar 1974 na fara saninsa, cikin watan Afrilu, lokacin da na sayi gidan da nake ciki har yau. Tun a lokacin tsohon gida ne, filastar falo duk ta tsattsage. Aka ce in kira wani magini da ake yi wa laƙabi da Mai Gilashi.

Ya zo da tsinken ashana a baki, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa.

"Malam, wannan siririyar tsagar kamar gashi, ƙyale ta. Wanda ya yi filastar bai jiƙa bango ba, ta bushe da gaggawa. Nan da ke ƙara kamar ganga, danshi ne ya raba ta da bulo, a kankare a sake. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai tashi daga kusurwar taga a karkace, sama ya fi ƙasa faɗi, tsinken nan ya shige ta, ƙofa kuma ta fara cijewa. Ba ka da irinta."

Idan ya ga irin wannan tsagar, yakan manna ɓallen gilashi a gicciye a kanta da siminti. In gilashin ya fashe, ƙasan ginin na motsi ke nan. Matsalarsa ɗaya, bai iya rubutu ba, sai ya manta ranar da ya manna. Mu kuwa a makarantar mishan da muka yi karatu, ba a karɓar aikin da babu kwanan wata a kansa. Wata biyu ina zaunar da shi a baranda in na taso daga ofis, har ya iya rubuta rana da wata da fensir. Bakwai ɗinsa kullum a juye take.

Bayan shekara talatin da takwas, tsaga ta fito a ɗakin baya, inda matar ɗana ke kwana da jikokina biyu. Indararon maƙwabci ya daɗe yana zuba ruwa a gindin bangon. Na aika aka kira Mai Gilashi. Ya tsufa, hannunsa na rawa. Ya sa tsinke, tsinken ya shige gaba ɗaya.

"Malam, ita ce."

Babban ɗana ya riga ya kawo ɗan kwangila mai mota. Ɗan nawa ya ce, "Baba, zamanin fasassun kwalabe ya wuce." Ya juya ga Mai Gilashi. "Tsoho, je ka huta. Rawar hannunka ma ta isa ta kayar da bangon."

Ɗan kwangila ya yi dariya, ya sa aka cike tsagar, aka shafa fenti mai kyau. Ni na yi shiru. Ɗana ke riƙe da gidan, ni kuma na gaji da gardama. A duk rayuwata babu abin da na fi jin kunyarsa kamar shirun nan.

Mai Gilashi bai sake tako mana gida ba. Amma bayan ɗakin a lungu yake, kuma ɗan kwangila bai yi fenti ta can ba. Ran sha tara ga Yuli da safe tsohon ya buga ƙofa, ya ƙi shiga.

"Malam, zo ka karanta."

Ɓallen gilashi uku ne a jikin bangon, duka a fashe, kowanne da kwanan wata a gefensa: 17 ga Yuni, 8 ga Yuli, 17 ga Yuli. Na farko ya yi mako uku, na biyu kwana tara, na uku kwana biyu.

"Ka fi ni lissafi," in ji shi.

Ranar na kwashe matar ɗana da yaran zuwa falo, ɗana yana ta faɗa a waya wai na biye wa tsofaffi. Kwana huɗu bayan haka bangon ya zube a kan gadon yaran.

Har yau ɗana yana gaya wa mutane cewa dama shi bai yarda da ɗan kwangilar ba. Da Mai Gilashi ya rasu a shekarar da ta biyo, ko gaisuwa bai je ba.

Ni dai na samu na je masa godiya kafin nan. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinsa, ya hana ni ƙarasa maganar.

"Wata biyu ka zaunar da ni a barandarka, Malam. Abin da ka ba ni ne na maido maka. Bakwai ɗin ce dai har yanzu ta ƙi juyowa."