Ƙarami, Mahaucin da Ke Ɗaye Kitse

Kafin masu shara su gama da layin mahauta, Ƙarami ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a jikin ginshiƙin rumfa, ya rataye rigar gida a ƙusa ya sa ta aiki, sannan ya kwara ruwan zafi a kan teburi ya kankare shi har katakon ya yi fari. Daga nan sai ya zauna ya wasa wuƙaƙensa, yana jiran motar da ke kawo nama daga mayanka. Idan naman ya sauka ba ya gaggawar ratayewa kamar maƙwabtansa. Yakan shimfiɗa cinya a gabansa ya bi ta da bakin ƙaramar wuƙa, yana ɗaye farin kitse daga jan tsoka, yana tarawa a kwano can gefe. Wanda ya same shi a kan wannan aiki sai ya ce tela ne yake warware ɗinki.

Furfura ta gama cinye kansa da gemunsa, amma har yau kasuwa ba ta san shi da wani suna ba sai Ƙarami, domin a da su biyu ne a rumfar, shi da yayansa Babba. Babba ne ya koya masa riƙe wuƙa bayan rasuwar mahaifinsu. Ƙato ne, mai murya kamar ganga, wanda idan ya yi dariya a layin mahauta masu tumatir can ƙarshen kasuwa sukan tambayi abin da ya faru. Shi ke kiran masu saye, shi ke tsokanar tsofaffin mata yana cewa zai kai kuɗin aurensu, Ƙarami kuwa yana gefe yana yanka shiru. Kowace safiya Babba yakan ɗora guntun kitse a kan gawayi har ya yi ja yana tsiyaya, ya sa a cikin burodi, ya bi da shayi. Idan ƙanen ya ce, "Yaya, wannan abu bai yi yawa ba?" sai ya shafa tumbinsa ya ce, "Kai ka taɓa ganin babbar mota ta sha mai irin na babur?"

Ranar da abin ya faru, Babba yana tsakiyar ba wata mata dariya ne, sai wuƙa ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago zai yi magana, kalmomin suka fito a cakuɗe, bakinsa ya karkace gefe guda. Matar ta ci gaba da dariya, ta ɗauka cikin wasan ne. A lokacin ba wanda ya san abin da ake yi wa irin wannan a duk layin. Aka shimfiɗa masa tabarma a bayan rumfa, aka yi masa fifita, aka ce gajiya ce, bari ya huta. Sai da rana ta yi sanyi aka kai shi asibiti.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta kira Ƙarami gefe ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwar yayansa, shi ya shanye masa ɓarin dama ya tafi da maganarsa. Ta ce irin wannan ciwo ba ya son jira, da zarar an gani asibiti ake nufa.

Ƙarami ya ce, "Likita, kitse ne ya ja masa?"

Ta ce, "Ba zan ce maka shi kaɗai ba ne, Malam. Babban mai laifi hawan jini ne, ga alama ya daɗe da shi ba a auna ba. Akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai gado. Amma kitsen dabba idan ya yi yawa yana ƙara maiƙo a jini, maiƙon ya kwanta a jijiya ya ƙuntata ta, gudan jini ya samu wurin tsayawa."

"To da bai ci ba, da yanzu yana tsaye?"

"Wannan ban sani ba. Masu bincike ma ba su gama tantance rabon kitse a cikin wannan ciwo ba. Abin da na sani shi ne, mai hawan jini gara ya rage shi, ya riƙa awo, ya sha maganinsa."

Da wannan amsa ya koma kasuwa, amsar da ba ta wanke kitse ba, ba ta kuma ɗora masa laifin duka ba. Wani da sai ya ce tunda ba tabbas a bar zancen. Shi kuwa ya ce tunda ba tabbas, ba zai bari hannunsa ya kasance a ciki ba. Tun daga ranar ya fara ɗaye kitse.

Maƙwabtansa suka yi ta yi masa dariya, don kowane mahauci ya san kitse yana da nauyi a sikeli. Masu saye ma ba duka suka gode ba. Akwai wani tela, abokin wasansa, da yakan tsaya gaban teburi ya ce, "Ƙarami, nama na zo saya, ba takalmi ba. Ɗan ɗora mini farin nan."

Sai Ƙarami ya ce, "Matarka ta ce jininka ya hau."

"Matata likita ce?"

"A'a, amma ita za ta riƙa juya ka a gado. Tana da ta cewa."

Telan yakan karɓi tsokarsa yana mita, ya ce zai koma teburin gaba, kuma bai taɓa komawa ba. Ƙarami bai haramta wa kowa kitse ba. Leburori majiya ƙarfi da ke sauke buhuna idan sun nema yana ba su. Amma ya san gidajen da ke da tsoho, ya san matar da mijinta ke shan maganin hawan jini, ya san wanda mahaifinsa ya taɓa faɗuwa. Su ne yake zaɓar wa tsoka zalla, yana ƙulla leda yana tambaya, "Hajiya, yaushe rabon Alhaji da awon jini?" Mata da yawa a unguwar sun ce a bakin teburin nama suka fara jin cewa hawan jini yana iya zama a jikin mutum bai sani ba.

Kai ne, Ƙarami, wanda bai yi karatun likita ba, bai kuma taɓa yin kamar ya yi ba. Abin da aka gaya maka shi kake maimaitawa, ba ƙari. Inda saninka ya tsaya, sai ka ce a je asibiti a tambaya.

Mai kayan miya da ke fuskantar rumfarsa ita ke ba da labarin Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ta yi ritaya. Wata hantsi Malama ta zo sayen nama, tana cikin gaisuwa sai jakarta ta faɗi daga hannu. Ta yi murmushi za ta ba da haƙuri, murmushin ya tsaya a rabin fuska. Ƙarami ya ajiye wuƙa ya zagayo.

"Malama, ɗaga hannayenki duka biyu."

Ɗaya ya tashi, ɗaya ya ƙi. Mutane suka taru, wannan na cewa a ba ta ruwa, wancan na cewa a kwantar da ita ta huta. Mai kayan miya ta ce ba ta taɓa jin Ƙarami ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce kada wanda ya ba ta komai, ya tare tasi a tsakiyar titi, ya shiga da ita da rigar aikinsa duk jini, ya bar nama a buɗe a kan teburi. A ƙofar asibiti ma'aikata suka nufo shi da gadon turawa, sun ɗauka shi ne ya ji rauni. Malama tana nan da ranta. Tana ɗan jan ƙafa, amma maganarta garau, har yanzu tana gyara wa jikokinta karatu.

Da aka yi wa Ƙarami barka, bai yi farin cikin da aka zata ba. Mai kayan miya ta ce ta gan shi ya zauna a bayan rumfa, daidai inda aka taɓa shimfiɗa wa Babba tabarma, ya daɗe bai tashi ba.

Duk la'asar idan ya rufe rumfa, gidan yayansa yake fara zuwa kafin nasa. Ɗakin ƙarami ne, gadon yana jikin taga, ga kujerar guragu a lungu, ga magunguna a kan faranti. Yakan gaida matar Babba, ya wanke hannu, ya ɗaga yayan ya jingina shi da matashi, ya murza masa shanyayyen hannun yatsa bayan yatsa. Sai ya fara ba shi labarin kasuwa: wanda ya yi faɗa, wanda ya aurar da 'ya, sabon mahaucin da bai iya fasa ƙashi ba. Mutumin da a da ba ya haɗa jimla uku a jere, shi ne ya koyi surutu don kada ɗakin ya yi shiru.

Kalma ɗaya ta rage wa Babba a duniya, ita ce "To". Da ita yake gaisuwa, da ita yake tambaya, da ita yake faɗa. Ƙarami ya iya rarrabe su duka. Amma ya taɓa gaya wa telan cewa wani lokaci yana tsakiyar yanka sai ya ji kamar an ce "Kai, Ƙarami, a nan na koya maka sa wuƙa?" har ya waiwaya. Ya ce ba wasannin Babba ya fi kewa ba, faɗansa ya fi kewa. Da zai samu ko sau ɗaya yayan ya buɗe baki ya zazzage shi a gaban jama'a kamar da, da ya gode wa Allah.

Akwai lokacin da Babba ya shaƙi ƙamshin gashi daga gidan maƙwabta. Ya kama rigar ƙanensa da hannun hagu, ya nuna bakinsa. Ƙarami ya gane, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Babba ya juya fuska ga bango. Kwana da kwanaki ko "To" ɗin ma bai ba shi ba. Ƙarami ya rame, har ya koma wurin likitar ya gaya mata. Ta ce ɗan ƙanƙane jefi-jefi ba shi ne abin tsoro ba, muddin ana shan magani ana awo, kuma a yanka ƙanana saboda haɗiya. Ya zo gida ya hura gawayi da kansa, ya gasa 'yar tsoka mai siririn kitse a gefe, ya yayyanka ya ba shi a baki. Babba ya rufe ido yana tauna a hankali, hawaye na gangarowa ta ɓarin da ya shanye. Matarsa ta fita tsakar gida ta bar su.

A watan jiya ne matar Babba ta tare shi a ƙofar ɗaki ta ce, "Ƙarami, bayana ya ƙi. Ɗazu na so juya shi, saura kaɗan mu faɗi tare." 'Ya'yansu suna aiki nesa, suna zuwa idan sun samu dama, amma mara lafiya ba ya jiran hutun kowa. Ƙarami bai yi dogon tunani ba. Ya kira wani magidanci da ya koyi sana'a a hannunsa, ya ba shi rumfa da teburi da wuƙaƙe, ya zauna yana lissafa masa gidajen da ba a sa wa kitse.

Ranar ƙarshe bai yi sallama da kowa ba, amma labari ya riga ya zaga. Malama ta zo da sandarta. Telan ya zo ya tsaya, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya fasa, ya ce, "Yanzu wa zai riƙa hana ni?" Ƙarami ya yi murmushi ya ce, "Na bar wasiyya a kanka."

Daren ranar ya tare a gidan yayansa. Matar Babba ta ce washegari da asuba ta ji motsinsa. Ya fito da keke har bakin ƙofa kafin ya tuna ya bar kasuwa. Ya mayar da shi, ya shiga ɗakin yayansa, ya tarar idonsa biyu. Ya buɗe taga ya zauna a bakin gado. Can a titi motocin kaya suna wucewa zuwa kasuwa, su biyun suna saurare har gari ya waye.

Kai ne ƙanen da bai gaji ba, Ƙarami. Kai ne mahaucin da ya fi son ganin mai saye ya dawo da ƙafarsa. Mun gode maka, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba Babba sauƙi, Ya ƙara maka ƙarfin ɗaga shi.

Mu kuma da muka ci daga teburinsa, kowa yana da abin da zai iya ɗayewa a sana'arsa don lafiyar wanda ke gabansa. Mu rage maiƙo, mu je a auna jininmu, mu kai iyayenmu. Idan bakin wani ya karkace ko hannunsa ya ƙi tashi, kada mu shimfiɗa masa tabarma, mu tare mota. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta ƙofar gidan da la'asar, ya yi sallama ya shiga. Ba sai ya riƙo komai ba. Akwai tsofaffi biyu a ciki da ke son jin yadda kasuwa ta tashi yau.