Kwanon Geron Da Na Ɗaura Wa Matata A Ƙafa

A lokacin ni malamin firamare ne a Roni, irin mutanen nan da in suka ji magana sau ɗaya a bakin likita, shi ke nan sun zama likitan unguwa. Wata Juma'a muna dawowa daga Kazaure a kan babur da mai ɗakina, akuya ta gitta mana, muka zube. Dukkanmu a gwiwar hagu muka bugu. A asibiti aka ce babu karaya, amma in kumburi ya saɓe mu koma wajen masu gashin ƙashi. Ranar komawar sai na tafi ni kaɗai. A ganina gwiwa ai gwiwa ce, me zai sa in ja mace da ciwo zuwa bin layi, alhali zan iya kawo mata duk abin da aka faɗa?

Abin da aka koya mini ba wuya. In zauna a benci, in ɗaura abu mai ɗan nauyi a idon sawu, in miƙe ƙafar, in sauke a hankali. Na dawo gida na auna gero kwano guda-guda a ƙananan buhuna biyu, ɗaya nawa ɗaya nata. Kullum bayan la'asar mu jera a benci ina ƙirga mana. Cikin 'yan makonni na koma hawa babur. Ita kuwa kullum sai ta ce ƙoƙon gwiwarta kamar ana jan sa gefe. Na ce mata rakinta ya yi yawa, faɗuwa ɗaya muka yi, gero ɗaya muke ɗagawa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma har rabin kwano na ƙara mata. Ba ta yi musu ba, ta ce tunda ni na je asibitin ai na fi ta sani.

Wata magariba na shigo na tarar da ita tsaye a kan darduma, ta dafa bango tana hawaye. Ta kasa kaiwa sujada.

Washegari na kai ta Kazaure. Likitar da ta duba ta, wata mace mai haƙuri, ta ce tsokar gaban cinya kashi huɗu ce, kuma ba lallai su yi aiki iri ɗaya a jikin mace da namiji ba yayin miƙe gwiwa. Ta ce mata da yawa ƙugunsu ya fi faɗi, sai ƙoƙon ya riƙa karkata waje in an ɗora masa nauyi da wuri. Na tambaye ta, to kasancewarta mace ne ya jawo, ko geron, ko dama ciwonta ya fi nawa? Ta ce kowanne zai iya yiwuwa, wanda zai iya rabewa shi ne mai gashin ƙashi da a ce ya duba ta tun farko, kuma ba a kawo masa ita ba.

Wallahi har yau kaina a ɗaure yake. Nakan kalli ƙafata in kalli tata, in rasa inda suka bambanta. Abin da na gane kawai shi ne, abin da likita ya faɗa maka naka ne kai kaɗai. 'Yan'uwana maza, kada ku karɓo wa iyalinku magani da jikinku, kuma in ta ce da zafi, ku yarda da zafin. Mai ɗakina ta samu sauƙi, ta ce ta yafe mini tuni. Amma shekara biyu ke nan a zaune take salla, a kan bencin nan da nake ƙirga mata.