Buhun Kanwa da Filin Tseren da Aminina Ya Cinye

Assalamu alaikum Edita. Ni mutumin Bolari ne a nan Gombe. Yanzu dai furfura ta gama da gemuna, tumbi ya fito, gwiwa sai ta yi ƙara kafin in tashi daga sallah. Amma lokacin da labarin nan ya faro saurayi ne ni, siriri kamar sandar makiyayi, ina gyaran babur a wata rumfa kusa da tasha, hannuna kullum baƙi ƙirin da mai. Ba mata, ba tunanin gobe. Abu ɗaya ne a kaina, yammacin Lahadi ta yi mu tafi filin tsere. Ba zan kama sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu, wasu ma muna haɗuwa wajen jana'iza mu gaisa kamar ba komai.

Filin yana can bayan gari ne a lokacin, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Tsohon masaukin shanu ne na wani dattijon Bafillace da kowa ke ce wa Bappa. Iyayenmu ne suka fara roƙonsa aro tun zamanin da keke ne abin taƙama, suka share hanya zagayayya mai siffar ƙwai suna tseren keke, wanda ya ci a miƙa masa zakara. Da babur ya yawaita sai muka gaje su. Muka faɗaɗa hanyar, muka jera tsofaffin tayoyi a gefe. Ranar Asabar mu ɗaure tsohon gadon ƙarfe a bayan babur mu yi ta jan sa har jar ƙasar ta kwanta, 'yan garuwa su bi da yayyafi. Hagu ake zagayawa kullum, kuma a kwana ba a taka birki, kwantar da babur ake yi a sauke ƙafar hagu tana jan ƙasa. Shi ya sa wani maƙeri a unguwar Shamaki yake buga mana ƙarfe a ƙasan takalmin hagu. In ka ji saurayi yana tafe ƙafa ɗaya shiru ɗaya tana ƙwas, to ɗan fili ne, kuma wallahi wasunmu har zance suke zuwa da shi. Akwai wata kwana gindin tsamiya da ta kayar da kowa a cikinmu. Wanda bai sha ƙasa a nan ba, ba ma ba shi shayi a kofi ɗaya da mu.

Abin da ya riƙe mana filin nan duk tsawon shekarun ba wani abu ba ne illa gaisuwa. Duk shekara bayan girbi, in shanun Bappa sun dawo, sai mu ɗunguma a kan babura har rugarsa, ɗauke da buhun kanwa ta lasar shanu da ƙullin goro. Ni ne bakin tawaga, saboda ni Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Da ya hango ni sai ya ce wa matan gida ga bawansa nan ya iso, a fito masa da ƙore ya wanke. Ni kuma in ce zuwa na yi in duba ko yana kiwata min shanuna da kyau, don na ga sun rame. Ya yi ta dariya har hawaye, a kawo kindirmo mu sha mu ƙoshi. Sai can ya gyara zama ya tambaya ko aro yana nan. In ce yana nan. Ya ce to mu je mu ci gaba da haukarmu, amma duk wanda ya karya wuya kada a kawo masa ƙara. Wannan kalma ita ce ke sabunta mana fili har wata shekara. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tarar.

Ina da amini a cikin 'yan tseren, ɗan unguwar Jekadafari, daga gidan ma'aikata. Shi ne abokin hamayyata a fili, shi ne kuma abokin cin tuwona. Bai taɓa wuce ni a kwana ba, kuma ban taɓa barin sa ya manta da hakan ba. Ranar da na karye a gindin tsamiya, shi ya goya ni a bayansa har wajen maɗori, yana riƙe da kaina ana ɗori ina ihu yana ce min rago. Mahaifiyata har ɗana take ce masa. To ku gaya min, wa zai yi zargin irin wannan mutum?

Da na yi aure sai gyaran babur ya daina riƙe gida, na koma tuƙin babbar mota. Daga nan hanya ta haɗiye ni. Yau Legas, gobe Fatakwal, jibi Ngaundare ko Agadas. Na ci abincin da har yau ban san sunansa ba, na iya cewa a rage min farashi da harsuna da yawa. Sai na damƙa wa aminina jagorancin gaisuwa. Amma ban taɓa fashin kanwa ba. Duk shekara nakan nemo mai kyau, wani lokaci ungurnu tun daga Borno, in aiko masa in ce ya kai wa Bappa, ya ce bawansa yana gaishe shi. Shi kuma ya ce min ya kai, tsoho ya sa albarka. In na shigo gari na ce mu leƙa ruga, sai ya ce ai sun yi kudu da shanu, ko ya ce jikin tsohon ya motsa ba a son hayaniya. Ni kuwa ga gajiya, ga iyali, ga lodi yana jira, sai in ce to Allah ya kai mu wani zuwan.

Ana nan sai na ji an daina tsere. Da na tambayi yaranmu, suka ce aminina ne ya kawo saƙo cewa Bappa yana so a huta wa filin, zai saukar da shanu a kai na ɗan lokaci. Wannan ba baƙon abu ba ne, mai abu ya nemi abinsa, ba wanda ya yi musu. Suka kwashe tayoyi suka jira. Shekara ta zagayo, ya ce a ƙara haƙuri, kuma ba sai an taru an je gaisuwa ba, shi zai wakilci kowa. Wasu suka yi aure, wasu suka koma tuƙin keke mai ƙafa uku, maƙerin Shamaki ya koma ƙera fartanya.

Ina bakin iyaka ana duba mana kaya labarin rasuwar Bappa ya same ni, kuma ban samu dawowa ba sai bayan an daɗe da watsewa daga zaman makoki. Na ce bari in bi ta fili kafin in wuce ruga ta'aziyya. Edita, na tsaya na rasa gabas. An sare tsamiya, an kafa duwatsun awo, ga tulin bulo, ga harsashin gini ko'ina. Abin da kawai na gane shi ne wani layi da ya lanƙwasa ba dalili, don masu awo sun bi tsohuwar kwanarmu.

A ruga babban ɗan Bappa ya karɓe ni a tsaye, ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba. Na yi ta'aziyya, na ɗan jefa wasan da muka saba don in sassauta fuska, bai ko murmusa ba. Ya ce mahaifinsa ya rasu da ciwona a zuciya. Ya ce shekara da shekaru mutum ɗaya ne tak ke zuwa gaisuwa, kuma duk zuwan da zai yi sai tsoho ya tambaye shi ina Babarbarensa. Shi kuma mutumin ya ce ai 'yan tsere sun watse sun bar fili, ni kuwa na ga duniya, na ce na wuce zaman ruga da warin kashin shanu. Na tambaya, to kanwar da ake kawowa fa? Ya ce mutumin yakan ce shi ya yi takakkiya ya nemo ta, har ungurnu ya taɓa kawowa. Ya ce mahaifinsa bai taɓa cewa a daina tsere ba, hasali ma yakan ce ya yi kewar ƙarar mahaukatan nan. Da ciwo ya yi tsanani sai ya tara 'ya'yansa ya ce filin nan a bar wa wanda ya riƙe zumunci, kyauta, tunda sauran sun yar. Su kuma suka cika wasiyya. Na rantse masa da Allah ni nake aiko da kanwar, kuma ban taɓa faɗin haka ba, ya ce ya ji, amma wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Na sami aminin nawa a wani ofis da ya buɗe na dillancin filaye, ya yi ƙiba, hula ta zauna. Ya rungume ni ya aika a kawo shayi. Da na faɗa masa daga inda nake, ko gezau bai yi ba. Ya ce in bar yaudarar kaina, gari yana tahowa, ko ba shi ba wani zai cinye filin, gara na gida ya ci. Ya ce mu yara ne a da, wasan ƙasa kuma ya wuce. Wai har ya ware min fuloti ɗaya a daidai inda na karye, in gina in tuna da ƙuruciya. Na ce masa na gode, ya bar abinsa. Na ce duk shekarun da muka yi bai taɓa wuce ni a kwana ba, ashe jira yake in bar ƙasar. Ya yi dariya yana zaton wasan da muka saba ne. Na tashi na bar masa shayinsa ko kurɓa ban yi ba.

Na nemi shawarar manya ko akwai abin yi, suka ce aro aro ne, mai fili ya yi kyauta da bakinsa a gaban 'ya'yansa, ba inda za a kai maganar. Haka filin da iyayenmu suka share da hannunsu ya tafi. Yaran yanzu a kan kwalta suke tserensu, tsakanin motoci da masu tallar lemo, ba taya a gefe, ba ƙasa mai laushi da za ta karɓe su. Duk sanda na ji an ce wani ya faɗi, sai in ji abin har cikin ƙashina.

Na zagaya ƙasashe, 'yan damfara iri-iri sun gwada ni a tasha sun bar ni, ashe wanda zai kayar da ni yana cin tuwo a ɗakin mahaifiyata. Abin da na koya shi ne, akwai abin da ake aikawa, akwai wanda ba a aikawa. Kaya ana ba da saƙonsu, amma fuska ba ta da wakili. Tsohon nan ba kanwa yake jira ba, yana da mai sayo masa. Jama'a, in akwai wani dattijo da kuke riƙe da gonarsa ko rumfarsa ko filinsa da fatar baki, kada ku bar mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne hanya tsakaninku da shi, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ku tashi ku je da ƙafarku, ku je da yawa, ko da hannu rabbana ne. Ku je tun yana iya gane muryarku.