Mushe Laminu da taurarin da ba su da ƙarfe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita lakwal, makarantar da nake aiki, da safen nan Falmata ta kira ni daga Damagaram, ta ce babansu, Mushe Laminu, ya rasu bayan sallar asuba. Tun lokacin nake zaune bakin gado, jakata a hannu, na kasa tashi.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne malaminmu na fizik a lise, wato sakandare, a shekarun fari da yunwa. Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa malaman boko a wajenmu. Ɗan maƙeran Durum ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Tabon wuta ma yana nan a bayan hannunsa.

Shekarar da na shiga ajinsa, gero ya bushe a tsaye. Kowane mako sai an sami benci ya zama fanko, iyaye sun kwashi 'ya'yansu sun yi kudu. Mu da muka rage, jar dawar taimako muke ci, cikinmu na kuka malami na magana. Wa zai saurari zancen taurari a haka?

Sai ga Mushe da ƙwarya biyu da maganaɗisun da ya ciro daga mataccen rediyo. Ɗaya ƙasar maƙerar babansa ce, ɗaya farin yashi. Ya ja maganaɗisun cikin ta farko, ya fito baƙi ƙirin da garin ƙarfe. Ya ja cikin ta biyu, da ƙyar muka ga ɗigo uku.

Ya ce haka taurari suke. Da farko babu ƙarfe ko kaɗan a sama, a cikin taurari ake ƙera shi, in sun mutu su watsa shi, na bayansu su gada. Saboda haka tauraron da aka auna haskensa aka ga ƙarfensa kaɗan ne, tsoho ne tukuf. Yana nan tun lokacin da garken taurarinmu, farin layin nan da ke ratsa sama, yake 'yan ƙananan gungu bai gama haɗuwa ba.

Muka riƙa tsokanarsa, wai ɗan maƙeri guda ya rasa abin so sai inda babu ƙarfe. Ya yi ta dariya.

Ranar da wata ɗaliba ta suma a aji, bayan ta farfaɗo, ya ce mana: "Tsofaffin nan lokacin babu aka haife su, kamarku. Ƙanana ne, suna cin wutarsu a hankali, shi ya sa suka kai yau."

Ban manta ba.

Da babana ya zo daga Garagumsa zai tafi da ni Kano, Mushe ya bi mu har tasha a kan kekensa. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga an sauke akwatina daga mota, kuma shekara biyu a ɗakin matarsa, Inna Zara, na kwana. Tuwon da aka yi wa mutum shida, bakwai muka ci. Yau ni ma fizik nake koyarwa.

Abu ɗaya ya hana shi sakat duk rayuwarsa. Masana sun ce akwai taurarin farko, waɗanda babu ƙarfe a jikinsu ko ƙwaya, amma babu wanda ya tabbatar ya ga ko ɗaya. Shi labarin ganinsu yake jira. Bayan ya yi ritaya idonsa ya tafi, ni na zama jaridarsa. Duk kiran da zan yi, kafin ya tambayi yara sai ya ce, "An samu?"

Ganina da shi na ƙarshe, hutun da ya wuce ne, da la'asar, a zaurensa. Ya rame ƙwarai, murya ta yi ƙasa. Ya tambaya kamar kullum. Wallahi na so in yi masa ƙarya. Wa zai sani? Na buɗe baki, sai na tuna shi ne mutumin da ya taɓa yage mini takarda don na gyara sakamakon gwaji ya yi daidai da littafi. Na ce masa an samu masu ƙarfe kaɗan ƙwarai, amma na farkon ba tukuna.

Sai ya lalubo aljihunsa ya damƙa mini tsohon maganaɗisun nan.

"In an samu, 'yata, kar ki kira a waya. Ki zo da ƙafarki ki faɗa mini."

Na ce to, Baba.

Ya hana yunwa ta raba ni da karatu, ni kuwa abu ɗaya tak da ya nema, ba shi a hannuna. Na yi ta duba labarai wata da watanni, babu. Yau ko an samu, ban san zauren da zan shiga ba. Ina jin haushi, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Gobe zan kama hanyar Damagaram. Da ƙafata zan je kamar yadda ya ce, hannu wofi.

Allah Ka jiƙan Mushe Laminu, Ka haskaka kabarinsa, Ka nuna masa abin da mu muka kasa nuna masa. Ka bai wa Inna Zara da Falmata haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa addu'a.