Birkin Motar Marigayi

Matso kusa ka ji. Kwana tara da rasuwar maigidana, ina ɗaki cikin takaba. Ni da bakina ba ya hutawa, sai a yi mini magana uku ban amsa ɗaya ba.

Ƙaninsa ya sa wa motar marigayin sabon birki a ƙofar gida, zai mayar da surukata garinsu Tanda kafin la'asar. Ta katanga nake jin su, shi da makanike. Ƙanin ya ce in ya taka birki, ƙafarsa nutsewa take har ƙasa. Makanike ya ce iska ce, sun fitar da ita sau biyu, a hanya zai daidaita.

Shekara da shekaru ina tsintar shinkafa ina jin maigidana yana fama da motar nan. Sai na ɗaga murya, na faɗi abin da marigayin yake faɗa: "Taka sau uku da sauri, ka riƙe. Ya tsaya?"

"Yana sauka a hankali, matar yaya."

"Mai ya zuba ƙasa?"

"Ko ɗigo."

"To ba iska ba ce, robar famfon birkin ce ta cinye. Kada ka ɗauki tsohuwa a motar nan."

Makanike ya ce, "Yau kuma daga ɗaki ake gyaran mota?" Ya kwance famfon, sai na ji ya ce ashe robar ce kuwa.

Surukata ta ƙara kwana biyu. Ta sa mini albarka tana kuka, ni kuwa kallon tabarma kawai nake. Kai fa, maganar mamacinka ta taɓa fitowa daga bakinka, ka jira zuciyarka ta motsa, ta ƙi?