Gidan da Aka Hana Turare

Noeline Direen ta shigo kwarin Huon tana amarya mai son furanni, ta kuma tsufa a gidan da ko sabulu mai ƙamshi ba ya shiga. Gonar tuffarmu ce ke iyaka da gonar inabinsu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Mijinta Kelvin da hancinsa yake cin abinci. Ya kai kofin giya hanci sau ɗaya, ya gaya maka gangaren da aka tsinko inabin, da shekarun da kwalbar za ta yi a ajiye kafin ta kai. Ba zan hana shi nasa ba, ya iya. Amma hancin nan shi ke mulkin gidan. Ba a soya albasa, ba tafarnuwa, ba turare, ba fure a kan tebur. Noeline takan tsallako gidana ta ci soyayyen kifi da albasa a tsaye kamar ɓarauniya, ta wanke baki da hannu, sannan ta koma. Akwai ranar da ya kori matar wani baƙo daga ɗakin ɗanɗanon giya saboda man da ta shafa. "Baiwar Allah, fita ki sha iska," in ji shi, "kin kashe mini giya." Duk kwarin an san labarin, don shi da kansa yake ba da shi yana dariya.

Wata kaka yana rufa wa inabi raga saboda tsuntsaye, sai ya zame daga bayan tarakta, ƙeyarsa ta bugi dutse. Ya warke sarai, amma jin ƙamshi ya tafi. Daga baya Noeline ta gaya mini yadda ta gane: madara ta ƙone a wuta, yana zaune kusa yana karanta jarida, ko ɗaga kai bai yi ba. Da ta yi masa magana, ya ce in wani ya ji, to ta tattara kayanta. Ya ci gaba da juya kofi yana lumshe ido, yana zuba bayani daga abin da ya tuna. Dokokin gida kuwa sai ya ƙara tsananta su, don kada a yi zargi.

Ta haƙura har ƙanwarta Beryl ta rasu. Mutane suka taho da furanni daga coci suka cika falo. Kelvin ya kwashe su kaf a gaban masu gaisuwa ya watsa a juji. "Ku yi haƙuri, jama'a," ya ce, "sabuwar giya na cikin ganga, hancina ba na wasa ba ne." Mutumin da ko hayaƙi ba ya ji fa. Noeline ba ta yi kuka ba. Ni ce na fita waje don kada bakina ya ja mini.

Cikin kayan da Beryl ta bar mata akwai kwalbar turare, irin mai ƙarfin nan da ke riga mai shi shiga ɗaki.

Ranar buɗe sabuwar giya, dillalai suka zo daga birnin Hobart, ga masu gidajen abinci, ga mu maƙwabta, an yanka cuku da burodi. Noeline ta shigo da kwalabe. Tun daga ƙofa turaren ya buge mu. Ba shafawa ta yi ba, wanka ta yi da shi. Wani ya yi atishawa. Kowa ya zuba wa Kelvin ido ana jiran tsawa, ita kuwa ta tsaya a kafaɗarsa ta zuba masa.

"Sanyin bana ya yi mana rana," in ji Kelvin. "Ku ji ƙamshin 'ya'yan itacen ceri, ku ji ganyen da ruwa ya jiƙa, sai wani siririn ƙamshi can ƙasa da sai mai hanci. Yanzu tana da bauri, yarinya ce. Ku ajiye ta shekara ashirin, ku dawo ku gode mini."

Ba wanda ya ce uffan. Ya ɗauka shirun girmamawa ne, sai ya ƙara. "Kun san sirrin? Turare ba ya shiga gidana. Ku tambayi wannan, ga ta nan. Da na biye mata, da tuni na zama kamar ku."

"Ƙara shinshinawa, maigida," in ji Noeline. Ta ɗaga masa kofin har hanci da hannunta da ke naso da turare. "Kada wani abu ya wuce ka."

Ya shaƙa sosai. "Tsaf take," ya ce.

Wani dillali ya ajiye kofinsa a hankali. Can baya dariya ta kuɓuce wa wata. Kelvin ya bi fuskoki da kallo, ya ga masu toshe hanci da mayafi, sannan ya juya ya dubi matarsa. Nan ya gane.

Giyar tana nan jibge a rumbu. Ƙila ta kai shekara ashirin ɗin, ƙila a'a, wa zai ɗauki maganarsa yanzu? Ba a sake kiransa alƙalancin gasar giya kamar da ba. Noeline ba ta bar gidan ba, kuma bai kore ta ba. Ta shuka furanni a gindin tagarsa, albasa kuwa kullum tana kan wuta. Tausayinsa nakan nema a raina in rasa. In na shiga na same shi a baranda, yakan riƙo hannuna ya rage murya.

"Maƙwabciya, don Allah, yau ma ta shafa?"

"Kai ne mai hanci," nake ce masa.